Almakashin Baba Dobrin

Ƙanƙara ta janye daga gindin katanga,
ta bar laka da sawun kyanwar maƙwabta.
A Kalofer, watan Maris ba ya sallama,
sai dai ka ji rafi ƙarƙashin gada
ya ɗaga muryar da ba shi da ita jiya.

Baba ya sa na fito masa da kujera.
Bargo a gwiwa, hula har kunne,
idanun da yana ta rufe tun bara
suna kallon inda yake zaton nake.
Ya miƙo almakashi mai jan mariƙi,
wanda shekara talatin bai bari na taɓa ba.
"Nevena, fara da matattu," in ji shi,
"su ba sa gardama."

Matattun kam na gane su,
baƙaƙe, ƙeƙasassu, suna karyewa kamar ƙashin kifi.
Masu rai ne suka riƙe mini hannu.
Reshe kore shar, ya kai kafaɗata,
me ya yi mini?

"Ƙirga ido uku daga ƙasa.
Nemi mai duban waje, ba mai duban 'yan'uwansa ba.
Yanka sama da shi kaɗan, a karkace,
ruwan sama ya zame, kada ya kwana kan miki."
Na datse.
"Yaya cikinsa?"
Fari, Baba, kamar tsokar tuffa.
"Ya isa. Da ruwan ƙasa ne, sai ki ƙara sauka."

Haka muka bi layi, wardi bayan wardi.
Duk rassa biyun da ke gogar juna, ɗaya ya tafi.
Tsakiya ta buɗe, in ji shi,
har tsuntsu ya ratsa bai bar gashi ba.
Ƙaya ta huda safar hannu, ta sami yatsa.
Na yi tsaki, ya yi dariya:
"Ta karɓi ladanta."

Sai na ƙarshe, na bakin famfo,
wanda Inna Tsveta ta dasa shekarar da aka yaye ni.
Cukurkuɗe yake kamar gashin da ya manta da mataji,
rabi itace, rabi ganyen bara.
Malamin datsa, mai wa'azin kada a ji tausayi,
damina tara bai kai masa ƙarfe ba.
"Wannan bar shi," ya ce,
ya juya fuska wajen dutse.

Rana ta dafa masa bargo, gyangyaɗi ya sace shi.
Ni kuwa na durƙusa.
Na yanka a hankali, tsakanin munshari da munshari,
har ya rage sanduna biyar, tsirara, abin kunya.
Shamuwa ta gifta, ta farko a bana.
Na kwance zaren ja da fari daga wuyan hannuna,
na ɗaura wa guntun reshe,
ban sani ba, al'ada na cika ko gafara nake roƙo.

Yanzu Yuni.
Kullum da asuba, kafin rana ta sha raɓa,
ina fita da bokiti.
Wanda ya yi yaushi ya sunkuyar da kai,
in bi karansa zuwa ganye mai 'ya'ya biyar, in cire,
don uwar ta daina hidimar iri, ta sake fure.
Wanda ya fara buɗe baki, in yanko da dogon kara,
in tsoma a ruwa tun bai san an raba shi da gida ba.

Baba na gane su da hanci.
Wannan na kusurwa ne. Wannan mai ruwan ƙwai.
Yau na sa masa ja guda a tafin hannu,
mai nauyi kamar ɗan tsako.
Ya daɗe yana shinshina.

"Kin taɓa shi."
Na taɓa, Baba.
"Nawa ya yi?"
Arba'in da ɗaya, ban da masu zuwa.

Bai ce komai ba.
Ya laluba aljihu, ya ciro dutsen wasa wuƙa,
ya ajiye a gefena na tebur.