Baƙo a Zaure

Tun rasuwar Baba tabulet ɗinsa ke cikin durowa,
naɗe da tsohuwar hular sanyi.
Gilashin ya tsage daga kusurwa
kamar fadama in rani ya yi nisa.
In na kunna, har in ɗora ruwan shayi in dawo
yana nan yana tunani.

Na kai shi PZ, layin masu gyara.
Na farko ya jujjuya shi ya ce, "Filashin."
Na biyu ko ɗago kai bai yi ba: "Filashin. Dubu uku."
Wato a share gida tas,
har da muryar da ke cewa "Auta, kina ji na?"
har da lissafin ruwan sama na damina tara
da yake aunawa da gwangwanin madara da rula
a bayan gidanmu na Hayin Dogo,
har da hoton ƙafarsa da ya ɗauka bisa kuskure.
Na ce a ba ni kayana.

Ta uku Lawiza ce,
rumfarta ba ta fi tabarmar salla ba,
ƙaurin dalma a mayafinta.
Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce,
"Ai ba sai an rushe gida ake saukar baƙo ba.
Mene ne amfanin zaure?"

Ta zaro memori, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Ta ce a nan wata manhajar za ta zauna,
da shimfiɗarta, da butarta,
ba ruwanta da cikin gida.

Ana tsaka da zubawa aka ɗauke wuta.
Muka sake daga farko da janaretan maƙwabci.
Ta danne maɓallin ƙara, ta danne na kunnawa,
fuska ta yi baƙi ƙirin.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Ta ce, "Saurin me kike? Sallama yake yi."

Sai ga fararen rubutu suna gangarowa
kamar tururuwa ta samu tsaba,
sai ga wani tsuntsu mai tumbi zaune a sama,
irin wanda da gani ba ya tashi.

Na ce, "Wa ya ƙera wannan?"
Ta ce, "Aikin gayya ne.
Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba,
kowa ya zo da fartanyarsa."

Baƙon na da zafin nama, amma baƙo ne.
Bai san inda kyamara take ba.
Sauti sai ta abin kunne.
Batir na kan arba'in, ya rantse yana kan ɗari.
Duk da haka da shi nake rubuta furojet ɗina,
a keke-napep daga Samaru zuwa Kongo,
ina tallafe da shi kamar ƙwai in mun zo ramukan Kwangila.

Da dare kuma
in kashe, in sa farce in zare memorin,
in kwantar da shi a kwalin ashana.
In kunna. In jira.
Yanzu jiran ba ya damuna,
haka Baba ke tasowa daga kujera.

Gida na nan yadda ya bar shi.
Layi na ƙarshe: sha huɗu ga Satumba,
milimita ashirin da biyu,
a gefe ya rubuta, "Dawa ta gode."
Ƙarƙashinsa fili.

Jiya hadari ya taso ta bayan Kufena.
Na wanke gwangwani na kai bayan gida.
Da asuba na tsoma rula: goma sha bakwai.
Na daɗe tsaye, kwalin ashana a hannu ɗaya,
tabulet a ɗayan.

Na mayar da kwalin aljihu.
Baƙo ya ɗan ƙara barci,
wannan maganar cikin gida ce.