Ɗaki Mai Ƙofa a Sama

Shekara tara ina tara maki
kamar yadda kakata ke jefa ƙwandala a asusun laka.
Abuja zuwa Dubai, Dubai zuwa Sin,
gwiwata tana dungurar bayan kujerar wani,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya yi mata yaji.
In sauko da leshi da zif da maɓallai buhu-buhu
zuwa rumfata a kasuwar Wuse,
su kuma su rubuta mini ladan wahala a waya:
dubu huɗu yau, gobe shida da ɗoriya.

Wani dare an ɗauke wuta a Kubwa,
fitilar caji tsakaninmu,
Nazifi ɗan wana, mai karatun akanta,
ya latsa ya ce, "Gwaggo Tasalla,
dubu ɗari da tamanin gare ki.
Ko ki je ki dawo sau uku a baya, inda kika saba,
ko zuwa ɗaya tak
a ɗakin gaba mai ƙofa."

Ƙofa? A cikin jirgi?

Ya ce kuma akwai haraji, da dala ake biya,
ranar ma su za su zaɓa miki,
Laraba, tsakiyar damina, sa'ad da kasuwa ke hamma.
Na ce wannan kyauta ce mai kuɗin dako.
Ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, Gwaggo, bar shi.
Na ce latsa.

Yarinyar ta kira sunana daidai, ba ta tauna shi ba.
Ta kawo tawul mai ɗumi, da silifa,
da wani ƙwan kifi baƙi a ɗan cokali
wanda daddawar Ladidi ta fi shi sanin abin da take yi.
Na miƙe ƙafa. Ta miƙe. Ba ta taɓa kowa ba.
Na yi isha'i ba tare da gwiwar hannun baƙo a haƙarƙarina ba.
Sai ta ja ƙofar.

Tun ina goma sha tara
ban rufe ƙofa a kaina ni kaɗai ba.
Goyo, jinya, lissafin bashi, mai sallama da asuba,
kullum da numfashin wani a ɗakin.
Na yi niyyar zama ido biyu in ci makina har ƙashi,
in danna kowane maɓalli, in sha kowane shayi.
Bargon ya rufe ni.
Ban san an ƙetare teku ba.

A wajen ɗaukar kaya na tarar da Ladidi da Maman Nkiru,
idanu jajir, suna dariya.
A can baya, kan kilishi da gyaɗa,
suka ji cewa mai fito mana da kaya ya fara cin amana,
suka canza wani tun kafin a sauka.
Ba wanda ya tuna ya gaya mini
sai da kwantenata ta yi wata biyu a ruwa.
Kasuwa ashe a kujera ta arba'in da bakwai take ci.

Nazifi ya buga lissafi, ya girgiza kai:
"Kin sayar da tafiya uku kin sayi barci."
Ban musa ba.
Yaro ne, barci yake zuwa masa kyauta
ko a bayan keke Napep.

Saura maki ɗari uku da sha biyu.
Na koma baya, gwiwa ta koma sana'arta.
Matan layinmu suna tambaya, "Tasalla, ya biya?"
In ce ku tambayi kwantena, ta ce a'a.
Silifan kuwa suna ƙarƙashin tebur a rumfa.
In azahar ta yi, ciniki ya lafa,
nakan zura ƙafa a ciki,
in ja labulen leshi rabi,
in bar mai neman maɓalli ya yi sallama sau biyu.