Ranar da Akittik Ta Shigo Aji

Na share allo tun da asuba,
ko da yake asubarmu ba ta da rana;
wata biyu ke nan ba mu ga idonta ba.
Yara sha tara, takalmansu jere a bakin ƙofa,
ƙanƙara na narkewa a ƙarƙashinsu.

Akittik ta tsaya a dokin ƙofa, ta ƙi shigowa.
Shekara sittin da uku rabonta da ɗaki mai allo.
Wancan karon jirgi ne ya ɗauke ta,
tana 'yar bakwai, uwarta na tsaye a gaɓa.
Aka datse mata gashi, aka ɗinka lamba a wuyan rigarta,
kalmar gida kuwa, in ta suɓuce,
rula ce ke amsa ta a tafin hannu.
Har yau in ƙararrawa ta kaɗa, yatsunta sukan dunƙule.

Na ce, "Kaka, ga kujera."
Ta dubi kujera, ta zauna a ƙasa.
Yara suka zame ɗaya bayan ɗaya,
aka bar tebura suna kallon juna.

Ta kwance ƙunshi, ta fito da kullik, fitilar dutse,
ta zuba kitsen nattik, dabbar tekun da ta raine mu,
ta jera lagwani, ta bi shi da ɗan tsinke
har wuta ta miƙe layi guda, ba hayaƙi.
Hedimasta ya leƙo, ya ɗaga kai ya dubi na'urar gobara,
ya haɗiye abin da ya zo da shi,
ya tsuguna.

Ba ta yi bayani ba.
Ni da na yi shekara huɗu a kudu
ina koyon yadda ake yanka darasi gunduwa-gunduwa,
na riƙe takardata kamar baƙuwa a gidan ubana.
Ta shimfiɗa fata, ta ɗauki ulu,
wuƙar nan mai kama da jinjirin wata,
ta auna ƙafar Tunu: tafi ɗaya, yatsa biyu,
da ɗan sarari saboda shekara mai zuwa.
Ta yanka.

Tunu ɗan shida ne, sunan mahaifinta yake ɗauke da shi.
"Baba," ta ce masa, "riƙe min nan.
Kai ka nuna min, ka manta ne?"
Ya riƙe. Ba wanda ya yi dariya.

Ulluriak, wadda bakinta ba ya hutawa,
ta ce, "Yaya ake sanin ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum?"
Akittik ta ci gaba da tauna gefen fata don ta yi laushi,
har muka zaci ba ta ji ba.
Can ta ce, "Wannan ba ya zama a allo.
Laraba ku zo da safar hannu biyu-biyu,
a samo min sanda mai ƙarfe a baki.
Ƙanƙara da kanta za ta gaya muku,
in kun yi shiru."

Sai ƙararrawa ta kaɗa.
Na ga yatsun sun fara naɗewa.
Tunu bai san tarihi ba, allura kawai yake son miƙa mata,
ya buɗe hannun, yatsa bayan yatsa,
ya ajiye ta a tsakiyar tafin,
daidai inda rula ke sauka.
Ta ce masa na gode da harshenmu,
da ƙarfi, a cikin aji,
har bangon ya ji.

Da yamma na buɗe littafin rahoto.
Gurbi ɗaya ne, an rubuta "darasi" a kansa.
Lissafi ne, ko tarihi, ko kimiyya?
Na daɗe da biro a hannu.
Yatsana ya bar ɗigon kitse a gurbin,
takarda ta shanye shi, ya yi haske-haske.
Na rufe littafin haka nan,
na tafi neman sanda.