Abin da Nomau Ya Bari

Abu uku Nomau ya bar mana a Wurno.
Hoton katin zaɓensa:
kama ce kawai, har ta fi shi ƙuruciya.

Sai ƙotar fartanya,
inda tafin hannu ya cinye itace.
Ba ta kama da kowa,
amma shi ya riƙe ta, rani talatin na albasa.

Na uku sunansa, da shuɗin fenti a buhu.
Ige ba ta fara karatu ba,
ta ce sawun kaza ne.
Na karanta mata. Ta maimaita,

ta ruga da shi a baki har madafa.
Tumba ta ajiye muciya,
ta ce, "Wa ke kiransa?"