Harshen Aro

Shekara shida na yi a lakwal ta Karkada,
benci na uku, gefen taga,
inda ake hango duwatsun Birni
sun gurfana kamar raƙuman da suka ƙi tashi.

Mushe Kiyari ya ce tebur namiji ne,
kujera kuwa mace.
Na leƙa ƙarƙashinsu duka biyu.
"Wallahi, mushe, ban ga alama ba."
Da Hausa na faɗa.
Aka rataya mini ƙashin jaki a wuya,
na yini ina farautar bakin abokaina,
ko wani zai yi suɓul da baka in sauke masa kayana.

Ranar dikte kuwa, sai haruffan nan
da ake rubutawa ba a furtawa,
baƙin da aka gayyato biki aka hana su magana.
Na manta da su, ba su manta da ni ba:
sifili ya jeru a kayena kamar ƙwan zabi.

Yau ina gyaran salula a Kasuwar Dole.
Ina da "bonjur", ina da "marsi",
ina da lissafi har miliyan.
Na ɗauka guzurin ya isa.

Sai daminar bara Inna ta kwanta.
Likitar baƙuwa ce, daga bakin teku,
Hausarta ba ta wuce "sannu" ba.
Inna ta ce, "Gaya mata cikina na murɗawa
kamar ana matse wanki,
in dare ya raba kuma gabana ya riƙa faɗuwa."
Na buɗe baki.
Shekara shida suka taso, suka cunkushe a ƙofa
kamar awaki a bakin garke,
ɗaya tak ta samu fita:
"Malad."
Ba ta da lafiya.
To, da lafiya ke kawo mutum nan?

Daga bayan layi wata ta gyara lulluɓi,
Gaishita, Buzuwa mai sayar da cuku,
wadda ba ta taɓa riƙe alli ba.
Ta ɗauki ciwon Inna da hannu biyu
ta ƙetarar da shi, ko ɗigo bai zube ba.
Faransancinta gurgu ne, amma ya kai gari.

Na bi ta har bakin titi.
"A wace lakwal kika yi?"
Ta yi dariya: "Ciniki ne mushena.
Barbarci a bakin rijiya, Fulatanci a bayan mota.
Harshe ba alkyabba ba ne, yaro, takalmi ne.
In kana jin tausayinsa, ba za ka je ko'ina ba."

Ni ba kwat nake so ba, ba kujerar ofis ba.
So nake in yi faɗa da harshen nan in yi nasara,
in yi ba'a a gane ba'a ce,
in yi ta'aziyya ba tare da na ƙirga kalmomi ba,
in yi mafarki a cikinsa ko sau ɗaya,
in farka ban san na ƙetara iyaka ba.

Yanzu bayan isha'i, in an ɗauke wuta,
ni da ɗiyata Zuwera muna baje kayenta a tabarma,
fitilar salular wani da bai zo karɓa ba tana haska mu.
Ina kwaɓawa, tana gyarawa.
Maƙwabci na dariya ta bayan katanga.
Ya yi ta yi, ba mai rataya wa kowa ƙashi a gidan nan.

Jiya ta ce, "Baba, yaya ake cewa murɗawa?"
Mun duba littafin har bangon baya, babu.
Na ce ta bari sai Alhamis.
Gaishita za ta kawo cuku.