An Sayar da Mu Ina Sama

Na tashi daga Kano ma'aikacin wani,
na sauka Jidda kayan wani.
Tsakanin tashi da sauka
aka buga hatimi, aka kurɓi gahawa,
aka yi musabaha gaban masu hoto,
ni kuwa ina bisa Bahar Maliya
ina gaya wa alhazai su ɗaura ɗamara.

Wasiƙar ta ce babu abin da zai canza.
Na karanta ta sau uku a motar ma'aikata.
Wanda ya ce maka kwantar da hankalinka
tun ba ka tambaye shi ba,
ya riga ka ganin hadarin.

Shekara goma sha tara ina hawan jerin sunaye,
taki ɗaya in wani ya yi ritaya,
taki ɗaya in wani ya rasu, Allah ya ji ƙansa.
Na kai na goma sha ɗaya.
Ni ke zaɓen ranar hutuna,
ni ke yin Sallah a gida.
Sai suka haɗa jerinmu da nasu
suka cakuɗa kamar karta.
Ɗari biyu da shida.
Na bi layin da yatsa har ƙasa kafin na gan ni.
A samana akwai Mudassir,
yaron da na koya wa sauka a Ɗa'if
ranar da iska ke bugun jirgi ta gefe
gumi na ɗiga daga haɓarsa.
Ya gaishe ni jiya, idonsa a kan takalmina.
Ba laifinsa ba ne. Na gaya masa.
Ban san ko na gaya wa kaina ba.

A rumfar gyara suna shafe wutsiyoyi.
Barewar nan da ke tsalle a jikinsu
tana nutsewa cikin farin fenti,
ƙafafu tukuna, sannan wuya.
Ƙahon ya fi daɗewa.

Mahjub, Basudanen Atbara,
sun ba shi takardar ajiye aiki don raɗin kai,
har da alƙalamin sa hannu kyauta.
Yanzu bayan la'asar yana bakin teku a Ubhur,
ya rufe ido, ya faɗi sunan jirgi daga ƙararsa.
Bai taɓa kuskure ba.

Igamata na rataye da sunan kamfani,
gidan haya a Aziziyya na rataye da igama,
makarantar Rumasa'u na rataye da gidan.
Zare guda ne. Ban san hannun da ke riƙe da bakinsa ba,
an ce wasu ne masu hannun jari
da ba su taɓa jin warin man jirgi ba.

Kakana Gwadabe ya tako daga Gumel da ƙafa,
shekara shida, yana tsintar auduga a Jazira
don kuɗin kwalekwale daga Suwakin.
Ya sha ƙishi, ya binne ƙanensa a hanya,
amma ba wanda ya tare shi a tsakiyar daji
ya ce an sayar da sawunsa.

Ran Talata za su sa ni a akwatin gwaji,
wai su ga ko na iya.
Wani saurayi zai kashe mini injin hagu
ya zuba wa hannuna ido.
Wannan na sani: taka dama, riƙe hanci,
karanta littafin layi bayan layi.
Ga mutuwar inji akwai shafi,
ga gobara akwai shafi.
Na duba littafin daga bango zuwa bango.

Daren jiya Zuwaira ta goge farar rigar,
ta ɗauko reza, ta tsaya a kan barewar aljihu.
Ta ce, in farke?
Na ce, bari sai da safe.