Ƙofar Baya

Daga Agege na taso, danfo biyu na hau,
ruwan Ikko na dukan rufin mota kamar ana sussuka.
A Ikoyi na sauka da taɓo har idon sawu.
Mai gadi ya yage tikiti,
ya ce in bi jan igiya, kada in taɓa komai.

Morenike ce jagorarmu, bakinta ya haddace gidan:
nan tsohon shugaba ya karɓi baƙi,
nan ya sa hannu,
wancan baƙin tarho shi ya hana gari barci.
Fanka na juyawa a kasale,
labule na warin fumfuna da gishirin teku.
'Yan makaranta suna ƙirga lambobin yabo,
wani alhaji na auna tsawon teburi da taku.

Ni ba teburi ya kawo ni ba.

A ɗaki na huɗu, cikin akwatin gilashi,
ga farar babbar riga tsaye babu mai ita.
Kowa na kallon aikin wuya,
ni na durƙusa kamar mai neman allura.
Can ƙasa, inda kalmasa ta juya ciki,
ga shi nan:
ƙuna, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Kaka Nomau, ashe ba tatsuniya ka yi mana ba.
Shekara goma sha tara kana hura gawayi a dutsen guga,
sitaci ya cinye maka zanen yatsu,
rana ɗaya tak garwashi ya zame.
Ka ce ka kwana da jakarka a ɗaure
kana jiran a kira ka.
Da safe mai gida ya saka rigar, ya fita gaban duniya,
bai ce uffan ba,
kai kuma har ka koma ga Allah ba ka sani ba:
bai gani ba ne, ko ya gani?

Na tambayi Morenike ina ɗakunan baya.
Ta duba takardarta, ta juya ta.
Ta ce ba ya cikin zagayen, janareto ne a wurin yanzu.

Na zame ta gefen kicin.
Kwaɗo. Ƙarar inji. Warin gas.
Amma ga dakalin wanki ya lotsa a tsakiya,
ga ƙarfen shanya biyu sun yi tsatsa,
har yanzu suna fuskantar juna
ba igiya.
Na ɗora tafina a kan lotsawar.
Wannan dai ba a hana taɓawa ba.

A bakin fita akwai littafin baƙi.
Inda aka ce suna, na rubuta naka.
Inda aka ce daga ina,
na rubuta: daga nan.

Ruwa ya ɗauke.
Ɗan kwandasta na kiran Obalende, Obalende,
na gyara mayafina da ya yamutse, na shiga.